Zaman Shiru da Maimaita Kalma: Mu Gwada Tukuna

Karatu: Zabura 1, Matta 6:5-13, 1 Tassalunikawa 5:21

'Yan'uwa, wayar hannu ta kawo wata koyarwa daga ƙasar Indiya har cikin aljihun samarinmu a Anka da Gummi da Bukkuyum. Ana cewa mutum ya zauna shiru, ya rufe ido, ya yi ta maimaita kalma ɗaya, sai damuwarsa ta gushe. Mu da mu ka sha tashin hankali, wane ne ba ya marmarin kwanciyar rai? Amma bari mu san abin tukuna.

1. Kalmar da a ke maimaitawa. Sunanta mantara, wadda ta fi shahara kuwa ita ce Om. Da yawa cikinsu kiran allolin addinin Hindu ne, kamar Shiba, a kan ƙirga su da carbi mai 'ya'ya 108. Wani malami, Maharishi Mahesh Yogi, ya kai irin wannan zama Amurka a 1959, minti 20 safe da yamma. Ubangijinmu ya gargaɗe mu a kan maimaita magana a banza cikin addu'a. Bimbinin da Zabura ta fari ta yaba, tunani ne bisa maganar da mu ka gane ma'anarta.

2. Irin jiki. Maganin gargajiya na Indiya, watau Ayurbeda, ya kasa jikin mutane uku. Mai Vata, na iska, siriri ne mai saurin firgita. Mai Pitta, na wuta, mai zafin jiki ne da saurin fushi. Mai Kapha, na ruwa da ƙasa, kakkaura ne mai sanyin hali. Wannan ya yi kama da zancen zafi da sanyi na masu maganinmu, amma ba da shi asibiti ke gane cuta ba. A kan sayar da magani bisa ga irin jikin mutum, nan kuwa sai mu yi hankali. A 2004 likitoci a Boston sun auna irin magungunan nan guda 70, su ka sami dalma ko wata guba cikin 14. Mu mun san dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Zamfara, ciki har da ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kada mu sha abin da ba mu san haɗinsa ba.

3. Lahanin zaman shiru. Waɗansu sun sami sauƙi ta wurinsa, wannan gaskiya ne. Amma a 2020 Miguel Farias na Jami'ar Coventry a Ingila, tare da abokan aikinsa, sun tattara bincike 83, su ka ga wajen mutum 1 cikin 12 ya gamu da lahani, yawanci fargaba da baƙin ciki. Dalili ɗaya a fili ya ke. Wanda ya gudu daga ƙauyensa da dare saboda 'yan bindiga, idan ya rufe ido shi kaɗai, abin da ya gani ya kan komo masa sabo.

Saboda haka wanda zaman shiru ya ƙara masa tsoro ko ya hana shi barci, sai ya daina, ya gaya wa dattijon ekklesiya, ya kuma ga likita. Mu kuwa kada mu bar mai raunin zuciya cikin kaɗaici. Mu ziyarce shi, mu saurare shi, mu yi addu'a tare.

Tambayoyi:
1. Mene ne bambancin mantara da bimbinin Zabura?
2. Wane ne cikin ekklesiyarmu za mu ziyarta a makon nan?