Yadda Ake Magance Sandarewar Tagar Saiti A Kwamfutar Tafi-Da-Gidanka

Tun daga lokacin da Jami'ar Jihar Nasarawa ta fara aiki a garin Keffi a farkon shekarun 2000, sana'ar buga takardu da cike fom ta intanet ta zama hanyar cin abincin mutane da dama a garin, ta kuma ƙara bunƙasa bayan da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a shekarar 2015. Galibin masu irin waɗannan shaguna, har ma da 'yan kasuwar da ke ajiye lissafin kaya da na bashi, sun dogara ne ga kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, wadda sau da yawa ta hannu ce da aka shigo da ita daga ƙasashen waje. Saboda haka duk sa'ar da ta tsaya, ciniki ya tsaya.

Ɗaya daga cikin matsalolin da suka fi ɗaga wa masu wannan sana'a hankali ita ce sandarewar tagar saiti, wato wadda manhajar Windows ta sa wa suna Settings, inda ake haɗa na'urar buga takarda ko intanet, ko a gyara kwanan wata. Sai mutum ya buɗe ta, ta tsaya cik, ko ya danna ba ta amsawa, ga kuma mai aiki tsaye a kansa yana jira.

Abu na farko shi ne a gane ko tagar ce kaɗai ta sandare ko kuwa na'urar ce baki ɗaya. Idan kibiyar da ke kan allo tana motsi, kuma danna Alt tare da Tab ya kai mutum ga wata tagar, to na'urar lafiyarta lau. Tagar saiti manhaja ce guda cikin manhajoji, ana iya rufe ta ba tare da an taɓa sauran ba. Sai a fara adana duk takardar da ake aiki a kai, a ɗan dakata minti biyu ko uku, domin sau da yawa na'urar tana fama ne da wani aiki a ɓoye. In ba ta saki ba, a danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci ɗaya. Wannan zai buɗe Task Manager, inda za a nemi Settings cikin jerin, a zaɓe ta, a danna End task.

Kafin a rufe wannan jeri, yana da kyau a dubi layin da aka rubuta Disk da wanda aka rubuta Memory. In Disk ya tsaya a kan kashi 100 cikin 100 na tsawon lokaci, to laifin ba na tagar saiti ba ne, ma'ajiyar na'urar ce ta gaza ɗaukar nauyin da aka ɗora mata. Hakan ya zama ruwan dare a tsofaffin na'urori masu ma'ajiya mai faifai da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4.

Mataki na gaba shi ne sake tayar da na'urar, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, kamfanin Microsoft ya sa wani tsari na tashi da sauri, wanda ke sa idan aka zaɓi Shut down sai na'urar ta ajiye wani ɓangare na halin da take ciki, ta dawo da shi in an kunna. Ke nan matsalar na iya kwana ta tashi tare da ita. Restart ne ke tayar da komai daga tushe, shi ya kamata a zaɓa. Idan kuwa allon ne duka ya daskare, a gwada danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, wanda ke farfaɗo da manhajar hoton allo. Sai duk waɗannan sun gaza ne za a danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 10, kuma ba a yin haka muddin allo na nuna cewa ana sabunta manhaja.

Wannan gargaɗi na ƙarshe ya shafi Keffi ƙwarai. Inda wuta ba ta da tabbas, kuma batirin na'urorin hannu yawanci ya riga ya mutu, ɗaukewar wuta ko mutuwar janareta a tsakiyar sabuntawa kan bar wasu fayilolin Windows a lalace. Alamar haka ita ce tagar ta riƙa sandarewa kullum, ko bayan an sake tayarwa. Maganinsa yana cikin na'urar kanta. A nemi Command Prompt, a buɗe shi da ikon mai kula, wato Run as administrator, a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, a jira ya gama, sa'an nan a rubuta sfc /scannow. Na farkon yana bukatar intanet, dukansu kuma suna cin lokaci, don haka gara a yi su bayan an tashi daga kasuwa, a lokacin da ake da tabbacin wuta. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da zafin watannin Maris da Afrilu, su ma kan sa na'ura ta yi nauyi, kuma hure ƙurar bai kai kuɗin komai ba.

Wasu masu gyara, da zarar an kai musu irin wannan na'ura, sai su ce a yi mata fomat, wato a goge komai a sake ɗora Windows, domin shi ya fi musu sauƙi. Ga ɗan kasuwa kuwa shi ya fi tsada, tunda kuɗin gyara ƙanƙane ne in an kwatanta da jerin sunayen masu bashi ko lissafin shekara guda da zai salwanta. Bai kamata na'ura ta bar shago ba sai an kwafe waɗannan takardu a filashi. In kuma ma'ajiya ce ta gaza, fomat ba zai warkar da ita ba, canza ta da irin wadda ake kira SSD ne zai yi.

Har ila yau, akwai lissafin da ya kamata a yi kafin a zuba kuɗi a tsohuwar na'ura. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 da ta fito a 2021 tana bukatar na'ura mai kayan tsaro na TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin na'urori ba su da shi. Mai shagon da ke shigar da bayanan banki ko na ɗalibai, sai ya tambayi mai gyara ko na'urarsa za ta ɗauki Windows 11 kafin ya biya kuɗin sabon batiri da sabuwar ma'ajiya.