Dawwamammen Adireshi: Hanyar Kafa Hujja da Rubutun da Ke Intanet

Gabatarwa

Sanin kowane manazarci ne cewa hujja ba ta cika sai wanda aka kawo wa ita ya iya komawa inda aka samo ta, ya gani da idonsa. Ɗalibin da ya ambaci ƙamus ɗin Bargery na 1934, ya ba da lambar shafi, ya sauke nauyinsa, domin bugaggen littafi ba ya tashi daga yadda aka buga shi. Amma da yawancin mujallun ilimi suka koma intanet, sai al'amarin ya sāke. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna bambancin da ke tsakanin adireshi mai gushewa da dawwamamme, da kuma wanda ya kamata ɗalibi ya sa a jerin manazartarsa.

Inda Matsalar Take

Adireshin da ke bayyana a saman shafi yayin da ake karanta maƙala yana nuna wurin da take ne a wannan rana. Tamkar kwatancen gidan ɗan haya yake: ran da ya tashi, kwatancen ya tashi aiki. Wani lokaci mawallafa sukan sāke tsarin rumbunsu, ko mujalla ta koma hannun wani kamfani. Wani lokaci kuma adireshin yakan ƙunshi wata lamba da aka ba mai karatu don wannan shiga kaɗai, wadda ke mutuwa da ya fita. Duk wanda ya bi irin wannan adireshi daga baya, sai ya tarar da saƙon nan mai lamba 404, wato babu abin da ake nema.

Abin ba ƙarami ba ne. Wani bincike da Jonathan Zittrain da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka buga a 2014 ya gano cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na adireshin da ke cikin wasu mujallun shari'a na jami'ar, da kimanin rabin waɗanda ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka, ba sa kai mutum ga abin da aka ambata tun farko.

Ire-iren Dawwamammen Adireshi

Na farko shi ne lambar DOI, wadda suna ce da ake raɗa wa maƙala sau ɗaya. Takan fara da 10, sai ɗigo, sai lambar mawallafi, sannan karan tsaye mai jirge, sannan lambar ita maƙalar. Alal misali, mujallun Afirka da dama da ke rumbun AJOL lambarsu kan fara da 10.4314. Idan aka rubuta https://doi.org/ a gaban lambar, sai ta zama adireshi. In maƙala ta ƙaura, mawallafi ne zai gyara rajista, lambar kuwa tana nan daram. Akwai gidauniyar da ke kula da wannan tsari, ƙungiyar Crossref mai yi wa mujallu rajista ta fara aiki a 2000, hukumar ISO kuma ta amince da shi a 2012.

Na biyu shi ne adireshin da rumbu ke bayarwa da kansa. JSTOR, alal misali, yana ba kowace maƙala adireshi mai farawa da jstor.org/stable/. Haka nan rumbunan jami'o'i masu aiki da manhajar DSpace sukan ba kundayen digiri lamba ta tsarin Handle.

Na uku ya shafi shafukan da ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A nan sai ɗalibi ya adana hoton shafin a Wayback Machine, wanda aka buɗe wa jama'a a 2001, ya ambaci adireshin ajiyar tare da ranar da ya duba.

Ƙofar Ɗakin Karatu

Akwai wani tarko da ya kamata a lura da shi. Ɗakunan karatu da yawa kan shigar da masu karatunsu rumbunan da suka biya wa kuɗi ta wata ƙofa, irin manhajar EZproxy, wadda ke cusa sunan jami'a cikin adireshin. Irin wannan yana da amfani ga malamin da ke shirya wa ajinsa jerin karatu, tun da duk ɗalibansa suna da izinin shiga. Amma ga mai jarraba kundi da ya zo daga wata jami'a, ƙofa ce a kulle. Saboda haka a manazarta, lambar DOI tsurarta ake sawa.

Kammalawa

Ya kamata a sani cewa lambar DOI ba shaidar ingancin maƙala ba ce, ba kuma alkawarin karatu kyauta ba. Hanya kawai take tsarewa. Wajibin ɗalibi shi ne ya kwafe ta tun ranar da ya fara karanta maƙalar, ya gwada ta washegari a wata kwamfutar, ya kuma rubuta sunan marubuci da shekara da fitowa da shafi cikakku, domin ko adireshi ya mutu a iya bin sawu. Wanda ya bari sai makon miƙa kundi ya manta da cewa ba a fafe gora ranar tafiya.