Darasin Wannan Wata: Shin Kuɗin Inshorar Mota Yana Bambanta Daga Gari Zuwa Gari?

Darasinmu na wannan wata ya shafi duk mai mota, ko babur, ko Keke Napep, musamman direbobinmu masu jigila daga Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Mece ce inshora? Yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani. Kana biyan kuɗi sau ɗaya a shekara. Idan tsautsayi ya sa ka buge mutum, ko ka lalata dukiyar wani, kamfanin ne zai biya diyya. Wannan ita ce ƙaramar inshora wadda doka ta wajabta. Ba ta gyara taka motar. Babbar inshora ce ke yin haka.

A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, kamfani yakan tambayi unguwar da kake zaune kafin ya yanka maka kuɗi. Mazaunin birnin Landan yakan biya fiye da mutumin ƙauye, domin a birni motoci sun fi yawa, haɗari da sata sun fi aukuwa, gyara kuma ya fi tsada.

A Nijeriya ba haka abin yake ba. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ita ce ke yanke farashin ƙaramar inshora, kuma ɗaya ne daga Maigatari har Ikko. Irin abin hawa ake dubawa, ba garin mai shi ba. A ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, diyyar dukiya kuma ta kai har naira miliyan 3. Babur naira 3,000, Keke Napep naira 5,000, babbar motar kaya naira 100,000. Babbar inshora kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba.

Saboda haka, idan wani ya tare ka a tasha ya ce, "Ai nan ƙauye ne, kawo dubu biyu in ba ka takarda," ka sani jabu ce. Araha ba ta ado. Ranar da ka buge saniyar wani a hanyar kasuwa, daga aljihunka za ka biya. Tun watan Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta binciken wannan takarda. Kana iya tantance taka ta wayar hannu: danna *565*11#, ka sa lambar motarka.

Masu tsallaka iyaka zuwa Damagaram, ku lura. Nijar tana da nata tsarin da nata farashin. Tun 1982 ƙasashen ECOWAS suka ƙirƙiro kati mai ruwan ƙasa domin direban da ya yi haɗari a wata ƙasa. To, Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kafin ka ɗauki hanya, je ka tambayi kamfaninka ko takardarka za ta yi aiki a can.

Tambayoyi domin 'yan aji:
1. Wa ke yanke farashin ƙaramar inshora a Nijeriya?
2. Me ya sa mazaunin Landan ya fi mutumin ƙauye biya?
3. Mutum yana da motar gida ɗaya da babur biyu. Nawa zai biya a shekara?

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.