Gudun Fanfalaki: Darasin Kilomita 30

'Yan uwa ɗalibai, gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kuma haƙuri ke kai mutum ƙarshensa. Wata huɗu na yi ina atisaye a hanyar Dutsin-Ma bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu, kafin gasar Legas ta watan Fabrairu. Nakan ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako don gwiwa ta saba.

Wajen kilomita 30 sukarin da jiki ya adana ke ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Wanda ya fara da gaggawa nan yake zubewa, balle a gumin Legas. Ku fara a hankali, ku riƙa kurɓar ruwa, ku riƙe dabino a aljihu. Sannu ba ta hana zuwa.