Zaman Ɗa a Gidan Uba

Ɗana, Allah ya raya ka, matso kusa ka ba ni hankalinka, domin maganar da nake so in yi maka ta daɗe a raina, kuma ba irin wadda ake yi a tsaye a bakin majami'a bayan an tashi sujada ba ce. Ina ganin ƙoƙarinka. Ba ka fashin sujada, kana cikin mawaƙa, kana fitar da zakkarka, ban kuma taɓa jin an kawo ƙararka ba. Amma abu guda yana damuna game da kai, wato duk ranar da ka yi tuntuɓe, ko ƙarami ne, sai ka ɗauke ƙafa, addu'a ta gagare ka, ranar Jibin Ubangiji ka koma bencin baya ka sunkuyar da kai kamar mai jiran a ce masa ya tattara kayansa ya bar gidan. Wannan tsoro na san shi, domin na gan shi a fuskar yara da yawa.

Kai ma ka san riƙo, a cikinsa da yawanmu muka tashi. Ko gwaggo ce Allah bai ba ta haihuwa ba a ba ta ɗan ƙaninta, ko kaka ta ɗauki jika wurin yaye ta ƙi mayarwa, ko kuwa uba ya rasu baffanni su raba yaran a tsakaninsu. Akwai gidajen da suke riƙo tsakani da Allah, har sai an faɗa maka kafin ka gane wane ne ɗan ciki. Amma ka lura da yaron da aka kawo bai daɗe ba. In an ajiye kwanon tuwo a bakin tabarma yake zama, ba ya sa hannu sai kowa ya sa, daga gefensa kawai yake yanko loma, miya ta ƙare a gabansa ba zai ce uffan ba. Shi ne farkon ɗaukar tsintsiya da asuba, shi ne mai rugawa aike tun ba a gama kiran sunansa ba, in kuwa tulu ya fashe a tsakar gida, ko ba shi ya fasa ba, jikinsa ne yake fara rawa. Maƙwabta su ce kai yaron nan akwai ladabi, alhali uwar riƙon da take ƙaunarsa da gaske abin yana ci mata rai, domin ta gane kuɗin zama yake biya da wahalarsa. Hankalinta ba zai kwanta ba sai ranar da ya miƙo kwano ya ce, Inna ƙara mini, ba tare da ya saci kallon fuskar kowa ba.

To, da Manzo Bulus ya tashi bayyana wa masu bi matsayinsu a wurin Allah, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 8, da Galatiyawa sura 4, da Afisawa sura 1, misalin yaron da aka ɗauka aka mai da shi ɗa ya kawo. Sai dai abin da mutanen Roma suke yi ya wuce riƙon da muka saba. A wurinmu ɗan riƙo yana nan da sunan mahaifinsa, gādonsa yana can gidansu, in zama ya ɓaci kuma dangi su zo su karɓi abinsu. A Roma magana ce ta shari'a, in aka ƙulla ta yaron ya fita daga ikon gidansu na dā, ya ɗauki sunan sabon ubansa, ya zama magaji daidai da wanda aka haifa a ɗakin. Sarautar ƙasar kanta a kan haka take tafiya. Kaisar Augustas, wanda a zamaninsa aka yi ƙidayar da ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami, Yuliyas Kaisar ne ya mai da shi ɗa cikin wasiyyarsa a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu. Augustas kuma ya ɗauki Tibariyas, wanda a zamaninsa aka gicciye Ubangijinmu. Kalaudiyas ya ɗauki Niro a shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, da ya mutu a shekara ta 54 Niro ne ya hau gadon sarauta, ga ɗan cikin Kalaudiyas, Biritanikus, da ransa. Wajen shekara uku bayan haka wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta isa birnin Roma, saboda haka ka yi tunanin bawa ko baran gida a cikin wannan ƙaramar ikkilisiya yana sauraro ana karanta masa cewa irin matsayin da ya ɗora Niro a kan mulki, Allah Mai Sama ya ba shi wanda ya fi shi, shi da ko rigar jikinsa ba tasa ba ce.

Manyan Roma in za su ɗauki ɗa sai sun auna, su duba asali, su duba amfanin da za a samu. Allah kuwa bai tarar da wani abin aunawa a wurinmu ba. Bulus ya nuna tun kafin a kafa duniya aka ƙudura wannan, kuma muna tsakiyar zunubinmu Almasihu ya mutu dominmu. Ka tuna Mefiboshet ɗan Jonatan, jikan Saul, wanda yana shekara 5 mai renonsa ta ɗauke shi a guje ya faɗi ya gurgunce ƙafa biyu. Yana zaune a Lodebar a gidan wani, ya fito daga gidan da ya yi ta farautar ran Dawuda, ba ya iya riƙe takobi balle ya amfani sarki da wani abu. Da aka kawo shi fada ya faɗi rubda ciki yana kwatanta kansa da mushen kare, amma Dawuda ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi yana cin abinci tare da shi kullum kamar ɗaya daga cikin ƴaƴan sarki, albarkacin alkawarin da ya yi da Jonatan. Ƙafafun ba su miƙe ba har abada, kuma ba a taɓa ɗaga shi daga wurin ba saboda su. Mu ma albarkacin wani muke ci, ɗana, albarkacin Yesu, saboda haka abin da ba halinka ne ya shigo da kai ba, ba rauninka na jiya ne zai sa Uba ya manta sunanka ba.

Kada ka ji wannan ka ɗauka na ce ka sake jiki ka yi abin da ka ga dama. Gidan kirki yana da tarbiyya, kuma wasiƙar Ibraniyawa sura 12 ta nuna horo ma shaida ce ta cewa an ɗauke ka ɗa, domin ba wanda yake wahalar da kansa yana tsawata wa ɗan da ba nasa ba. In ka yi laifi za ka ji ɗacinsa, wani lokaci ma sai ka girbi abin da ka shuka shekara da shekaru, wanda ka cuta kuma wajibi ne ka je ka nemi gafararsa ka biya shi haƙƙinsa. Abin da nake roƙonka shi ne ka riƙa yin laifinka kana komowa da wuri. Ɗan nan na Luka sura 15 da ya lalatar da rabonsa, tun a hanya ya shirya zai roƙi a ɗauke shi ɗan ƙodago, uban bai ma bari ya kai wannan gaɓar ba ya sa aka kawo riga da zobe da takalmi. Ruhu Mai Tsarki da aka ba ka shi yake koya wa bakinka kiran Allah Uba, ko a ranar da kunya ta rufe ka. Ka yi haƙuri da kanka, hali ba ya sauyawa dare ɗaya, Bulus da kansa ya ce har yanzu muna nishi muna jiran cikar zamanmu ƴaƴa.

Wanda ya san ɗauko shi aka yi, ba ya ɗaga wa ɗan'uwansa hanci. Yana ba ni takaici in ga a ikkilisiya ana tambayar wane yare ne mutum kafin a zaɓe shi dattijo, ko ana yi wa wanda ya tuba jiya kallon agola saboda kakanninmu sun riga nasa karɓar bishara. Bahaushe da Babure da Batangale da Berom, duk ta ƙofa ɗaya aka shigo da mu.

Saura abu ɗaya. Tashe-tashen hankula na shekarun nan, daga Borno da Adamawa har Filato da Kudancin Kaduna, sun bar mana marayu da yawa, kuma wasiƙar Yakubu ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ainihin addini. Ga ka nan ka kusa ajiye iyali. Idan Allah ya ba ka ɗaki da hatsi, ku zauna da matarka ku yi shawara, ku je wurin dattawan ikkilisiya ku tambayi yaron da ba shi da kowa. In kun ɗauke shi, kada ya zama shi ne mai talla da wanke-wanke ƴaƴanku suna makaranta, ɗinkin Kirsimeti kuma a yanka musu yadi ɗaya. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi hanyar zuwa kotu a tabbatar da shi ɗanku, ku bi ta, ka kuma sa sunansa cikin wasiyyarka tun kana da lafiya, domin kada dangi su nuna masa hanya ranar da ba ka nan.