Yis ɗin Teku da Sinadaran Hana Tsatsa a 'Ya'yan Itatuwa: Duba Daga Ƙasar Masama

Tsakure

Maƙalar ta dubi wani reshe na binciken kimiyya da ke amfani da yis ɗin da aka samo daga teku domin jinkirta ruɓewar 'ya'yan itatuwa bayan an tsinke su. An bayyana yadda ake gudanar da gwajin da abin da ake aunawa, sannan aka gwada sakamakon da yanayin ƙasar Masama ta ƙaramar hukumar Gwandu a jihar Kebbi. Matsayar maƙalar ita ce, binciken ya shafi adana amfanin gona ne, kuma kalmomin da aka zaɓa wajen shigo da shi cikin Hausa su ne za su hana a ɗauke shi a matsayin labarin sabon magani.

Fitilun Kalmomi: yis, teku, tsatsa, funfuna, Masama

1.0 Gabatarwa

Tsakanin Masama da gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar fiye da kilomita 600, don haka mai karatu na da hujjar tambayar abin da ya haɗa wannan gari da halittun ruwan gishiri. Masana ilimin ƙasa dai sun tabbatar da cewa ruwan teku ya taɓa mamaye yankin Sakkwato miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi ragowar wancan zamani ne. Amma dangantakar da ta dame mu ta yau ce. Duk wanda ya ga yadda mangwaro ke baƙi a cikin kwando da bazara, ko yadda tumatir ke narkewa kafin ya isa kasuwar Jega ko Birnin Kebbi, ya ga matsalar da wannan bincike ya sa a gaba.

2.0 Mene ne Yis?

Yis halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, wadda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Dangin funfuna ce da naman kaza. Antonie van Leeuwenhoek ya hange ta a 1680, Louis Pasteur ya nuna daga 1857 cewa rayayyun halittu ne ke haddasa tsamin abinci da abin sha, sannan Emil Christian Hansen ya ware iri guda zalla a ƙasar Denmak a 1883.

Kalmar yis baƙuwa ce a Hausa, ta shigo tare da burodi, amma aikin yis ɗan gida ne. Mai masa da ke barin ƙullu ya kwana har ya tashi, da mai funkaso, da mai koko da ke jiran gasara ta yi tsami, da Bafulatanar da ke zuba ragowar nonon jiya a cikin madarar yau, duk kiwon waɗannan halittu suke yi tare da wasu nau'o'in bakteriya. Wani bincike da masana daga Ghana da Denmak suka buga a 2012 ya ware nau'o'in yis daga fura, daga cikinsu akwai Candida krusei da Kluyveromyces marxianus. Daddawa kuwa tata hanyar daban ce, domin bakteriyar Bacillus ce ke ruɓar da kalwa.

Yis ɗin teku shi ne wanda ke rayuwa a ruwan gishiri, ko a lakar bakin teku, ko a jikin kifi da ciyayin ruwa. Bajamushe Bernhard Fischer ne ya fara bayar da rahotonsa daga Tekun Atlantika a 1894. Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Nau'in da ake kira Debaryomyces hansenii, wanda aka raɗa wa sunan Hansen, yana jure gishirin da ya kai kusan kashi 24 cikin ɗari, alhali yis ɗin burodi kan gaza a wajen kashi 10. Wannan juriya ce ta ja hankalin masu bincike. Bayan ɗan itace wuri ne mai wuyar zama: ga bushewa, ga rana, ga sukari mai yawa a inda ya fashe, wanda ke tsotse ruwan jikin ƙananan halittu kamar yadda gishiri ke yi. Halittar da ta saba da wahalar teku tana iya zama a nan.

3.0 Yadda Ake Gwajin

Tsarin gwajin ba shi da sarƙaƙiya. Ana zaɓo 'ya'yan itace masu girma ɗaya da nuna ɗaya, a wanke su, a huda kowanne da allura mai tsabta. A kashi na farko a ɗiga ruwan da ke ɗauke da yis a cikin hudar, a kashi na biyu a ɗiga tsurar ruwa. Bayan wani lokaci sai a ɗiga irin funfunar da ke ruɓar da wannan ɗan itace a duka kashi biyun, a ajiye su a ɗaki mai daidaitaccen zafi da laima, ana auna faɗin ruɓar kowace rana.

Da irin wannan hanya masu bincike na Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin suka nuna a 2008 cewa yis ɗin teku mai suna Rhodosporidium paludigenum na rage ɓarnar funfunar Alternaria a jikin ƙananan tumatir. Daga baya suka gwada shi a kan wani ɗan itacen ƙasarsu na dangin Ziziphus, wato ɗan'uwan magarya da kurna. A birnin La Paz na ƙasar Meziko kuma an gwada Debaryomyces hansenii a kan lemun tsami da gwanda. Funfunar da aka yaƙa a jikin gwandar, Colletotrichum, ita ce dai mai sa baƙaƙen tabo a jikin mangwaronmu.

Yis na samun galaba ta hanyoyi da dama. Yana riga funfuna cika raunin ya cinye abincin da ke wurin, yana fitar da sinadaran da ke narka bangon jikinta, kuma yana zaburar da ɗan itacen ya tashi kare kansa. Wannan na ƙarshe shi ne mahaɗar yis da batu na biyu. Ɗan itacen da aka tsinke bai mutu ba, yana numfashi. Idan ya ji baƙo a jikinsa sai ya ƙara samar da sinadaran kariya, irin su dangin fenol da wasu masu saurin aiki kamar katalas da faroksidas. Su ne masu bincike ke niƙa ɓawon su auna, su ce sun ƙaru.

4.0 Tsatsa da Masu Hana Ta

A nan ne aikin manazarcin Hausa ya fara. Iskar oksijin da muke shaƙa tana da halin ƙwace wani ɓangare na abin da ta taɓa, ta sauya masa kama. Ita ke sa fartanya tsatsa, ita ke sa gauta ko doya su yi duhu bayan an yanka, ita ke sa man gyaɗa ya sauya wari idan ya daɗe. Makamancin haka na faruwa a cikin ƙwayoyin halittar tsiro da na mutum. Akwai kuma sinadaran da ke shiga tsakani su karɓi bugun, shi ya sa ruwan lemun tsami ke jinkirta duhun yankakken ɗan itace. Su ne na kira sinadaran hana tsatsa. Na san za a ce tsatsa ta ƙarfe ce, kuma gaskiya ne, amma faɗaɗa ma'ana tsohuwar hanya ce ta ƙirƙirar kalmomi a Hausa: wuta ta ɗauki lantarki, jirgi ya tashi daga ruwa ya hau sama. Fa'idar wannan suna ita ce ya faɗi abin da sinadarin ke yi ya tsaya. Sunaye irin su "masu wanke jini" da "masu kashe guba" da "maganin tsufa", waɗanda ake ji a bakin masu tallar magunguna, alkawari ne da gwajin bai ɗauka ba.

Domin a ga haka sai a dubi ma'aunin kansa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na DPPH, wanda Marsden Blois ya bayyana a 1958. Sinadari ne mai launin shuɗi da ja-ja, kamar rinin da ya ji baba. Idan aka zuba masa ruwan ɗan itace sai launin ya koɗe zuwa rawaya, na'ura kuma ta auna yawan koɗewar. Akan ba da sakamakon da adadin da ya isa ya kashe rabin launin, saboda haka ƙaramar lamba ce ke nuna ƙarfi, abin da ɗalibai kan juya a rubuce-rubucensu. Ma'auni na biyu, na Folin da Ciocalteu, ana ƙiyasta yawan fenol da shi, sai dai bitamin C da wasu nau'o'in sukari ma suna motsa shi. Ke nan ɗan itace mai zaƙi irin su ɗinya da kanya da goruba na iya ba da lambar da ta zarce gaskiya idan ba a yi hattara ba.

Duka ma'aunan biyu a cikin kwalba ake yin su, kuma kama da wane ba ta wane. Mafi yawan fenol ɗin da mutum ya ci ba ya isa jini a yadda ya shiga baki, hanji da hanta sun sauya shi. Saboda irin wannan dalili ne Ma'aikatar Gona ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin hana tsatsa na abinci a 2012, bayan 'yan kasuwa sun mayar da shi abin talla. Tun kafin nan, wani gwaji da aka yi a ƙasar Finlan a kan mashaya taba fiye da 29,000, wanda aka buga a 1994, ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayoyin beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari.

Wannan bai rage darajar 'ya'yan itatuwanmu ba. Farin garin da ke cikin ɗan kuka ya ninka lemun zaƙi sau da yawa wajen bitamin C, kuma Tarayyar Turai ta amince da sayar da shi a matsayin abinci a 2008. Bitamin C na taimaka wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin gero da dawa, wanda amfani ne tabbatacce ga mai ciki da yaro. Amma a lura da tarkon harshe: kalmar kuka ta haɗa itacen da ganyen da ɗan. Idan aka ce a rediyo kuka na da bitamin C, uwargida za ta tuna miyar kuka, alhali shanya da doguwar dahuwa na lalata wannan bitamin. Haka gwanda da gwandar daji suna ɗaya suka haɗa, danginsu daban. J. M. Dalziel ya fara daidaita sunayen tsirran Hausa da na kimiyya a littafinsa na 1916, ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu har da bambancin karin harshe, amma sunayen sassan itace da matakan nuna, daga ɗanye zuwa ƙosasshe zuwa nunanne zuwa ruɓaɓɓe, suna jiran a tsara su domin amfanin ɗakin gwaji.

5.0 Komawa Masama

Akasarin gwaje-gwajen da aka ambata ana yin su ne a ɗaki mai sanyi ko mai matsakaicin zafi, wajen digiri 20 zuwa 25. A ƙasar Gwandu zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, kuma lokacin mangwaro ke nan. Ɗan itacen ma ba da allura aka huda shi ba, da sanda aka kaɗo shi, ya faɗo ƙasa, aka danne shi a kwando. Yis ɗin da ya yi nasara a Zhejiang sai an sake gwada shi a wannan yanayi kafin a yi wa manomi albishir. Akwai kuma batun karɓuwa, domin wasu na danganta yis da giya. Ya kamata mai fassara ya san cewa Debaryomyces hansenii rarrauna ne wajen samar da barasa, kuma ana samunsa a jikin cuku iri-iri da ake ci.

Abin da ya ba yis ɗin teku daraja shi ne juriya, kuma juriyar da Masama ke bukata ta zafi ce da bushewa. Wuraren neman irin wannan ba su da nisa. Kwarin Foga da ke kusa da Gaya a Jamhuriyar Nijar ya daɗe yana ba ƙasar Kabi gishiri, ƙasarsa kuma mai gishiri ce da rana ke gasawa. Ga ƙwaryar nono da tukunyar ƙullu, ga ɓawon magarya da aduwa da ke bushewa a kan itace ba tare da sun ruɓe ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha kuma tana Aliero tun 2006. Mai nazarin ƙananan halittu da zai ɗebo samfuri daga tukunyar mai masa yana bukatar sanin awa nawa ƙullun ya kwana, da abin da ta zuba a ciki, da alamar da take gani ta ce ya tashi, da bambancin da take yi tsakanin ya yi tsami da ya lalace. Waɗannan bayanai da Hausar yankin za a karɓo su, kuma ɗalibin sashen Hausa da ya iya hira da naɗar magana shi ya fi cancantar ya tafi tare da mai ɗebo samfurin.