Ladubban Tafiya Ziyara Da Yara Da Tsofaffi: Darasi Ga Masu Niyyar Kaulaha

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan uwa, duk shekara idan watan Rabi'ul Awwal ya gabato, jama'a daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sukan ɗaura niyyar zuwa Maulidi a Madina Baye, garin da Maulana Shehu Ibrahim Inyass (R.T.A) ya kafa a 1930 a Kaulaha ta ƙasar Senegal. Sau da yawa ayarin yakan haɗa kaka da jika, da uwa mai goyo, da abokan zawiya. Irin wannan tafiya tana da albarka mai yawa, amma tana da haƙƙoƙi, kuma mutum yana iya zuwa neman lada ya dawo da alhakin tsoho ko na yaro a wuyansa. Wannan ɗan darasi tunatarwa ce a kan waɗannan haƙƙoƙi.

Na farko: mai rauni shi ne ma'aunin tafiya

Ya inganta cewa Manzon Allah (S.A.W) yakan tsaya a bayan ayari yana kula da masu rauni, yana goya wanda ya gaza a kan abin hawansa, yana yi musu addu'a. Ya inganta kuma cewa yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don kada uwarsa ta shiga damuwa. To idan har an sassauta salla saboda jariri, ina ga tsarin tafiya?

Daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, daga Damagaram kusan 900. Daga Yamai zuwa Kaulaha ta Wagadugu da Bamako da Kayes da Tambakunda ya haura kilomita 2,000, kwanaki ne ana zaune cikin mota, ga halin tsaro da wasu sassan hanyar suke ciki. Saurayi zai iya jurewa, amma dattijo mai hawan jini ko ciwon suga ba ɗaya suke da shi ba. Wanda Allah Ya hore masa ya sa tsofaffi da yara a jirgi zuwa Dakar, daga can Kaulaha ba ta kai kilomita 200 ba. Wanda bai da hali, kada ya ɗora wa mahaifinsa abin da jikinsa ba zai ɗauka ba. Ziyara ba farilla ba ce, kiyaye rai kuwa farilla ne. Ga Kiyota nan cikin ƙasarmu, wurin Shehu Abubakar Hashim (R.T.A), ana raya Maulidi a can kowace shekara.

Na biyu: shiri kafin fita

Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Kowane yaro yana buƙatar takardarsa ta tafiya, kuma idan zai bi kakarsa ko kawunsa ba tare da iyaye ba, a nemi takardar izinin iyaye mai hatimin hukuma, domin ana tambayarta a kan iyaka. A riƙe katin rigakafin shawara: ana yi wa yaro allurar tun yana wata 9, katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, saboda haka ba aikin daren tafiya ba ne. Dattijon da ya wuce shekara 60 kuma bai taɓa yin ta ba, a fara jin shawarar likita.

Maganin da tsoho yake sha kullum a sayo wanda zai ishe shi har dawowa da ƙari, a sa shi cikin jakar hannu, kada ya shiga kayan da za a ɗaure saman mota. A shekarun nan Maulidi yana faɗowa cikin damina, don haka gidan sauro ya zama dole. Idan gudawa ta kama yaro, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a dinga ba shi kaɗan-kaɗan har a isa wurin likita.

Kuɗin Senegal sefa ne irin namu, babu wahalar canji. Amma agogonsu yana bayan namu da awa 1, kuma lokutan sallarsu daban ne, sai a bi ladanin gari.

Na uku: shugaba da asusu

Sunna ce idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. A zaɓi mai haƙuri da sanin hanya, ko da ba shi ne babba ba, shi kuma ya riƙa shawartar dattijai. Yawancin saɓanin abokan tafiya daga kuɗi yake tasowa. Annabi (S.A.W) ya yabi Ash'ariyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara shi wuri ɗaya su raba daidai. Sai a yi asusu ɗaya na abinci da masauki da mota, a damƙa wa mutum ɗaya amintacce, ya rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita. A faɗi komai a fili tun a gida: nawa ne kason kowa, wa ya ɗauki nauyin wa. Kunyar da aka ji a gida ita takan koma gaba a hanya.

A raba hidima da suna. Kowane yaro da babban da yake riƙe da shi, kowane tsoho da saurayin da yake jiɓintarsa. Yaron da aka ce na kowa ne, shi yake ɓacewa cikin taro. A rubuta sunansa da lambar waya mai aiki a Senegal da sunan masauki, a rataya masa a wuya, domin Wolof ake yi a can, yaronmu ba zai iya bayanin kansa ba.

Na huɗu: salla da wuridi a hanya

A mazhabar Imamu Malik, matafiyin da tafiyarsa ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, sunna ce gare shi ya yi ƙasaru: azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika. Haka idan ya bi limami mazauni. An yi masa rangwamen haɗa azahar da la'asar, da magariba da isha'i, idan tafiya ta miƙa. Tsohon da tsayuwa ta gagare shi ya yi a zaune, wanda ruwa zai cutar da shi ya yi taimama. A sanar da dattijai wannan cikin ladabi, domin wasunsu sukan ƙuntata wa kansu suna ganin karɓar rangwame gazawa ce.

Lazimi ba ya faɗuwa saboda tafiya. Matafiyi yana iya yinsa a kan abin hawa idan yana da tsarki, wanda ya kuɓuce masa ya rama, marar lafiya kuwa an ba shi zaɓi. A wazifa, Jauharatul Kamali tana buƙatar alwalar ruwa da wuri mai tsarki. Wanda bai samu ba ya karanta Salatil Fatihi 20 a madadinta. Sauran rassan mas'alar a koma ga muƙaddami kafin a tashi.

Na biyar: hidima ita ma ziyara ce

Nan ne jarrabawar matasa irinmu take. An isa Madina, zikiri yana tashi, abokai sun nufi masallaci, kai kuma kakarka tana son a kai ta kewaye, ko ƙanenka ya tashi da zazzaɓi. Zuciya za ta raya maka cewa ana rabon faila kai kana nan. Mu tuna cewa biyayya ga iyaye tana cikin sharuɗɗan da muka karɓi ɗariƙa a kansu, kuma Annabi (S.A.W) ya mayar da wani sahabi daga fita jihadi don ya je ya kula da iyayensa. Wanda ya bar tsohuwa cikin turmutsitsi don ya samu sahun gaba, ya saki wajibi ya kama mustahabbi. A kai tsofaffi da yara ziyarar raula lokacin da cunkoso ya ragu, a riƙa karɓar juna a masauki don kowa ya samu rabonsa na majalisi.

Yara kuma suna kallo. Abin da za su tuna idan sun girma shi ne yadda muka yi magana da direba, da yadda muka bi layin abinci, da yadda muka girmama masu masaukin da suka bar mana ɗakunansu. Idan buƙata ta biya a gaggauta komawa gida, haka sunna ta koyar.

Allah Ya kai maziyarta lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya ba mu ikon hidimar iyayenmu, Ya shirya mana zuri'a, albarkar Annabi (S.A.W). Amin.